Yaron Nan Na Jikin Bango, Ɗan Wane Ne?

Akwai wani yaro da na tabbata duk mai karanta wannan mujalla ya taɓa gamuwa da shi, ko da kuwa bai kula ba. Yana nan rataye a zauren karɓar baƙi na manyan otal-otal na Kano da Kaduna da Abuja, yana nan jingine a bakin titi inda masu zane ke baje kolinsu, yana ɗakunan hutawar manyan ma'aikata, ga shi kuma yanzu ya shiga wayoyinmu yana yawo a Facebook da Instagram. Rigarsa yagaggiya ce, ƙafarsa ta yi furu-furu, idanunsa manya-manya sun ciko da ƙwalla, a hannunsa kuwa ga kwanon bara. Yana da ƙanwa, ita kuma ƙwaryar nono ce bisa kanta, ko farantin talla, tana wani murmushi da ba a san dalilinsa ba. An zana su da gwaninta ta ban mamaki, har mutum ya ji kamar ya miƙa hannu ya share wa yaron hawaye. Amma tambayi wanda ya yi zanen, tambayi mai otal ɗin, tambayi wanda ya saya ya rataya: yaron nan ɗan wane ne? Mutumin wane gari ne? Yaya sunansa? Ba wanda zai amsa maka. Suna ɗaya za ka gani a ƙarƙashin zanen, na mai zanen, sai kuwa take irin su "Almajiri" ko "Ƙuruciya", ko wata kalmar Turanci mai nufin farar zuciya.

To, wannan 'yar maƙala tawa faɗa ce da wannan irin zane, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Abin da nake cewa shi ne, zanen da ya kwaikwayi fatar yaro da gashin girarsa har ba a rarrabe shi da hoton kyamara, sa'an nan ya tuɓe masa suna da gari da iyaye da wayonsa, ya mai da shi alamar tausayi ko alamar tsarkin zuciya, ƙarya ce aka yi wa ado da gaskiya. Kuma yaran da aka fi yi wa wannan ƙarya namu ne, irin ƙannenmu da muka baro a Karaye da Rogo da sauran ƙauyukan Yammedi.

Kafin wani ya ce ina ruwan ɗalibin Hausa da fenti da buroshi, bari in tuna wa 'yan'uwana abin da muke koya a ajin nazarin waƙa. A can an koya mana alamtarwa, watau a ambaci wani abu ana nufin wani: a ce zaki ana nufin sarki, a ce kura ana nufin azzalumi. Mai zane ma haka yake yi, sai dai shi da launi yake magana. Shi kuwa zanen zahiri shi ne wanda mai yinsa ya ɗauki alkawarin nuna abu yadda ido ke ganinsa, ba ƙari ba ragi. A nan gizo ke saƙa. Makaɗin da ya ce sarki zaki ne, kowa ya san azanci ne, ba mai zuwa fada ya duba ko sarki yana da wutsiya. Amma mai zanen da ya fitar da kowace tsaga ta faso a dugadugin yaro, ya riga ya sa mai kallo ya saki jiki, ya ɗauka shaida ake ba shi, alhali kuwa ra'ayi ake ɗura masa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To yaya ke nan idan ganin ma shirya shi aka yi?

Shi wannan yaro mai farar zuciya ba a Karaye aka haife shi ba, ba kuma a Rogo ba. Baƙo ne, an kuwa san asalinsa. Tsakanin 1645 da 1650 wani mai zane na birnin Ishbiliya ta ƙasar Sifen, wanda ake kira Murillo, ya zana wani yaro mabaraci zaune a lungu yana tsince ƙwari daga jikinsa, hasken rana ya faɗo masa ta taga, ga tulu ga kwando a gefensa. Zanen yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Ishbiliya a wannan zamani gari ne da yunwa da ciwo suka yi wa kaca-kaca, domin annobar 1649 kaɗai ta kashe kusan rabin mutanen garin, ta bar marayu birjik a kan titi. Su wa suka riƙa sayen irin waɗannan zane-zane na yaran titi? Attajirai, musamman fatake baƙi daga yankin Holan da Beljiyam. Ka ga ashe tun ranar farko talaucin yaro ya zama kayan ado a ɗakin mai kuɗi.

Daga nan sai Ingila. Wajen 1788 Joshua Reynolds, babban mai zanen Ingila na zamaninsa, ya zana wata 'yar yarinya zaune a ƙasa, ba takalmi, cikin fararen tufafi, ta ɗora hannuwanta a ƙirji. Bayan mutuwarsa a 1792 aka laƙaba wa zanen sunan da ya shahara da shi, mai ma'anar zamanin rashin laifi, aka yi ta buga kwafinsa ana sayarwa. Har yau masana suna gardama a kan ko wace ce yarinyar, domin taken ya cinye sunanta. A daidai lokacin da manyan Ingila ke kallon wannan yarinya suna jin zuciyarsu ta yi sanyi, 'ya'yan talakawansu suna cikin masaƙun auduga da ramukan kwal. A 1833 aka yi dokar hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙa, sai a 1842 aka hana shigar da ɗan ƙasa da shekara 10 ramin haƙar ma'adinai. Watau dai zanen farar zuciya bai hana su komai ba, sai ma ya zame musu abin wanke ido.

Misali na uku ya fi ban dariya. A 1886 John Millais ya fito da zanen jikansa, ɗan kimanin shekara 5, yana kallon kumfar sabulu tana tashi sama. Kumfar alama ce ta saurin wucewar ƙuruciya, ga ɗan tsiro a gefe guda, ga fasasshiyar tukunya a ɗaya gefen, watau rayuwa da mutuwa. Alamtarwa ce mai kyau, ba musu. Amma ina ta ƙare? Kamfanin sabulun Pears ya sayi zanen, ya ƙara sandar sabulu a ciki, ya mai da shi tallarsa. Yaron, William James, ya girma har ya zama babban hafsan sojan ruwa, amma laƙabin kumfa ya bi shi har kabari. Wannan fa jikan mai zanen ne, ɗan gata mai suna da dangi. In haka alama ta yi wa ɗan gata, me za ta yi wa ɗan talakan da ba a ko tambayi sunansa ba?

Mu a Nijeriya zanen zahiri ta hanyar makaranta ya shigo mana, kuma da kyakkyawar niyya ya shigo. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882 ya rasu a 1963, ya rungumi wannan fasaha ne don ya ƙaryata Turawan da ke cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum sak ba. A 1920 ya tafi Landan, daga nan Faris, ya ƙaro ilmi, kuma mutanen da ya shahara da zanawa manyan Ikko ne, masu suna da muƙami. A 1955 aka mai da sashen koyar da zane daga Badun zuwa Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai sa'o'inmu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su haɗiye koyarwar Turawa ɗanya ba, sai sun gauraya ta da fasahar iyayensu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya ɗebo abin da ya ɗebo. Wannan tawaye a nan maƙwabtanmu aka yi shi, inda mutumin Rogo kan je ya dawo a yini guda. Amma abin takaici, fiye da shekara 60 bayan haka, da zarar an zo zana ɗan Arewa sai a koma wa Murillo, a ari mabaracinsa a sa masa 'yar shara da hula. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Dubi kuma yadda ake rabon suna. Ben Enwonwu ya zana Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, a 1974, kuma a 2018 aka yi gwanjon zanen a Landan a kan fam miliyan 1 da dubu 200. Sunan zanen sunanta ne, Tutu, duniya duka ta san ko ita wace ce. Haka abin yake tun daga Onabolu: 'yar sarki a kira ta da sunanta, ɗan talaka a kira shi da kwanonsa. Tun daga 2016 kuwa, da zane-zanen Oresegun Olumide na yara suna wasa cikin ruwa suka zagaye duniya ta intanet, samari da yawa suka tsunduma cikin zanen da ke gasa da kyamara. Ba na musun gwanintar kowa, domin wanda ya shafe makonni yana fitar da ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya a goshin yaro ya cancanci a yaba wa haƙurinsa. Tambayata ga masu bin wannan hanya ita ce, hannun da ya iya ƙirga gashin ido, me ya hana bakinsa tambayar suna?

Yanzu bari mu zo gida, mu tambayi Bahaushe yadda ya ɗauki yaro. Gaskiya ne mun yarda alƙalami bai hau kan yaro ba sai ya balaga, ba a rubuta masa zunubi. Amma rashin zunubi daban, rashin wayo daban, kuma ba mu taɓa haɗa su ba. Karin maganarmu sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, sun ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko, sun kuma ce yaro da gari abokin tafiyar manya. Duk cikinsu babu wanda ya mai da yaro mala'ika mai kallon sama. Mutum ne ƙarami, mai gaggawa, mai ɓarna, mai dabara, wanda ake sa wa ido ana gyara masa har ya yi hankali. A tatsuniyoyinmu ma Auta ne kan warware abin da ya gagari yayyensa. Da azumi kuwa, wa ke fitowa tashe ya sa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho, ya kwaikwayi malami, ya yi wa gwauro ba'a a tsakiyar gari, manya suna dariya suna ba da sadaka? Yara ne. Wanda ya iya lura da halin manya har ya mai da shi wasan kwaikwayo, shi ne za a ce bai san duniya ba?

Duk wanda ya tashi a Yammedi ya san abin da yaro ɗan shekara 10 yake yi daga asuba zuwa dare. Shi ne mai kora awaki kiwo, shi ne mai korar tsuntsu a gonar dawa, shi ne mai kai abinci gona, shi ne kuma manzon uwarsa, domin shi kaɗai ne namijin da ke ratsa zaure ya shiga kowane gida ba a ce masa ba a shiga. Da kara da ɓawonsa yake ƙera mota har da ƙafafu masu juyawa. A gefen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, yara sun koyi kama kifi da ban ruwan lambu. Yarinya kuwa ta san farashin ƙuli-ƙuli da ƙosai, ta san canji, ta san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, tana kuma zuba adashi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a cikin birnin Kano tun daga 1976 tana nazarin wannan al'amari, ta nuna cewa sana'ar matan kulle kacokan a kan ƙafar yara take tafiya. Ban kawo wannan don in ce talla alheri ce ba. Talla tana hana 'yan mata karatu, tana kuma jefa su cikin haɗarin da kowa ya sani. Na kawo shi ne don a ga cewa yarinyar da ke ƙarƙashin farantin nan tana lissafi, tana fushi, tana da abin da take so ta saya. Murmushin nan maras dalili da ake zana mata, na mai zanen ne, ba nata ba.

Daɗin daɗawa, muna da shaida daga ƙasarmu ta haihuwa wadda ta fi kowane zane. Baba, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta tashi a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, Zarewar nan dai ta ƙasar Rogo. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. A ciki ta faɗi ƙuruciyarta: wasannin 'yan mata, ƙawance, aikin gida, kasuwa, da kuma tsoron mahara masu kamen mutane, da yadda ake tara dukiya a fanso wanda aka kama. Duk wanda ya karanta zai ga yarinya mai ido a buɗe, mai lura da kowa, mai sanin waye dangin wa, mai ra'ayin kanta. Babu fenti ko ɗigo a wannan aiki, amma ni a ganina babu zanen ɗan Yammedi da ya kai shi kama da mai shi. Me ya sa? Domin mai fuskar ce ta yi magana, kuma sunanta ne a bangon littafin.

To bari mu feɗe alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, yadda muke feɗe waƙa. Na farko kwano. Kalmar almajiri daga Larabci take, asalinta wanda ya yi hijira, a nan kuwa hijirar neman ilmi. Yinin almajiri ya ƙunshi allo da tawada da alƙalami, da karatun asuba da na dare a gindin wuta, da ɗebo ruwa da wanki a gidan uwar ɗakinsa, da noma a gonar malam, da ɗinkin hula ko yankan farce in ya tasa. Tsangaya tana da matakanta, daga kotso da ƙolo zuwa titibiri da gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Bara wani yanki ne na wannan yini, yanki mai ciwo. Amma a cikin kayan almajiri duka, kwano kaɗai mai zane ke gani, domin kwano ne ke sayar da zane. Na biyu hawaye. Almajirai suna kuka, ba shakka, amma suna kokawa, suna ƙwallo da ƙunshin tsumma, suna yi wa juna laƙabi, suna gasar hadda. Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne duhun da ake shafawa a bayan yaron. Babu gida, babu titi, babu uban da ya turo shi, babu malamin da ya karɓe shi, babu hukumar da ta yi biris da shi, babu mu da muka wuce shi a ƙofar masallaci. An goge duk wanda za a iya tuhuma, an bar yaro shi kaɗai da wahalarsa kamar daga sama ta faɗo masa. Zanen da ba ya tuhumar kowa, kowa na iya rataya shi a ɗakinsa ya yi barci lafiya.

Na san za a yi mini martani, don haka bari in tari numfashin masu yi. Wani zai ce ai mai zane tausayi yake so ya tayar, domin a taimaki yaran. To nawa daga cikin kuɗin zanen ya koma hannun yaron ko iyayensa? Yaya ma za a kai masa alhali ba a san sunansa ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duniya ta ga irin wannan. A 1985 wata mujallar Amurka, National Geographic, ta sa hoton wata yarinya 'yar gudun hijirar Afganistan a bangonta, fuskarta ta zama ɗaya daga cikin fuskokin da aka fi sani a duniya, amma sai a 2002 aka nemo ta aka san sunanta Sharbat Gula. Shekara 17 ana cin moriyar idanunta, ita tana can cikin wahalarta. Tausayin da ba ya tambayar suna, mai yinsa kawai yake yi wa amfani.

Wani kuma zai ce so nake a ɓoye talauci don kada a ga tsiraicin Arewa. Ko kusa! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaranmu suna yawo ba takalmi, suna kwana a kasuwa, suna cin ragowar abinci, kuma abin kunya ne a kanmu duka. Ƙarata ita ce ba a nuna abin ya isa ba. A zana kwanon, amma a zana ƙofar gidan da aka tsaya da shi, da motar da ke fake a cikin gidan. Akwai kuwa dalilin da ya sa na damu. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, Karaye ma tana cikin wuraren da aka killace wasunsu. Ban ce zane ne ya loda su a mota ba. Amma idon da ya saba ganin dubban yara a matsayin yaro ɗaya mai kwano, ba ya jin nauyin a kwashe su kamar buhunan masara.

Na uku zai ce mini ai malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai, don haka mu Hausawa ina ruwanmu, a bar masu yi su yi ta yi. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma na bar musu. Amma ko mun zana ko ba mu zana ba, ana zana mu, ana sayar da mu, kuma da wannan fuska baƙi ke saninmu. Wanda ya ƙi shiga kasuwa bai hana a yi cinikin akuyarsa ba in an sace ta. Bugu da ƙari, masu wannan magana sun manta cewa muna da tamu fasahar alama tun kafin Onabolu. Ga dagi a bangon soro, ga aska takwas a ƙirjin riga, ga zanen ƙwarya, ga lalle. Uwa uba ga allon zayyana, wanda ake ƙawata wa yaro da launuka ranar saukar Alƙur'ani, ya riƙe shi a gaban jama'a ya karanta, a yanka masa rago. Allon zayyana alama ce da aka yi domin yaro, tana cewa wane ɗan wane ya yi ƙoƙari. Kwanon jikin bango kuwa alama ce da aka yi da yaro, domin wani. Haka kuma duk wanda ya ga yadda ake kai yara wurin mai hoto ranar salla, da sabon ɗinki da kwalli da takalmi mai ƙara, ya san yadda iyaye da yaran kansu ke so a gan su.

Kada kuma a ce abin da nake nema ba ya yiwuwa, domin an riga an yi. A 2011 wasu almajirai 9 na Kano, tare da wata mai bincike Bajamushiya, Hannah Hoechner, suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Ba su ɓoye yunwa da wulaƙanci ba, amma sun nuna masu wulaƙanta su, sun nuna karatunsu da burinsu. A Ikko kuwa, a watan Yuli na 2018, wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron cikin sa'o'i biyu. Ga yaro a bayan allon zane maimakon a jikinsa. Masu ƙera motar kara a Rogo, da masu cika bangon makaranta da zanen gawayi a Karaye, wa ya taɓa miƙa musu fensir mai kyau ya ga abin da za su yi?

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Ga masu zane, musamman 'yan'uwanmu ɗalibai da ke sashen koyar da zane: kada ka zana yaro sai ka zauna da shi, ka san sunansa, ka nemi yardarsa da ta iyayensa ko malaminsa. In sun yarda a sa sunan, ka sa; in sun ƙi, ka girmama su. In zanen ya yi kuɗi, ka tuna da mai fuskar. Ka daina satar hotunan yara daga intanet kana ƙara musu hawayen da ba su yi ba. Ga masu saye kuma, kafin ka tambayi farashi, tambayi ɗan wane ne. Ga malamanmu na sashen Hausa, ina ba da shawara a faɗaɗa mana gadon feɗe waƙa ya ɗauki zane da hoto da fim, domin alamtarwa ba ta tsaya a baiti ba, kuma ɗalibin da ya iya gano habaici a waƙar fada bai kamata a ruɗe shi da fenti ba. Ga ƙungiyarmu ta Hausa kuwa, me zai hana a makon Hausa mai zuwa mu gayyato masu zane mu zauna da su, mu kai su ƙauyukanmu lokacin hutu, su ga yaran nan a gona da makaranta da dandali? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya buɗe baki mai gyara zai sani.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu nan mun yi kiwo, mun yi talla, wasunmu sun riƙe allo sun riƙe kwano kafin su riƙe biro. Da wani mai zane ya tare mu a wancan lokaci, da yanzu muna rataye a bangon wani otal da idanu cike da ƙwalla, ba suna ba gari, baƙi suna wucewa suna cewa Allah sarki. Mun san ba haka muke ba, mun san abin da ke cikin kanmu a lokacin. To ƙannenmu ma haka suke. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma duk mai zanen da ya ga na yi masa ba daidai ba, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, ya zo mu yi ta. Sai dai in zai zo, ya taho da sunan yaron.

Allah ya sa mu gane.